Space Jam: Tallar takalmin da ta rikiɗe ta zama fim

Duk wanda ya leƙa wajen 'yan gwanjo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ya lura da shigar samarin Sule Tankarkar da Gumel, da wuya ya rasa ganin riga ko takalmi mai hoton wani mutum ya daka tsalle da ƙwallo a hannu, wani lokaci haɗe da lamba 23. Mutumin shi ne Michael Jordan, gwanin ƙwallon kwando na Amurka. Galibin masu sanye da kayan ba a haife su ba sa'ad da yake tashe. Cikin abubuwan da suka hana sunansa dusashewa akwai wani fim na yara, Space Jam.

Asalin fim ɗin talla ce. A 1992 kamfanin Nike ya haɗa Jordan da Bugs Bunny, zomon nan na katun mallakar Warner Bros, a wata tallar takalmi. Da ta karɓu, sai aka danƙa wa wanda ya shirya ta, Joe Pytka, aikin mayar da ita cikakken fim, wanda ya fito ranar 15 ga Nuwamba, 1996.

Labarin ba shi da wani zurfi. Wasu halittu daga wata duniya suka zo kame su Bugs Bunny, aka yi yarjejeniyar a raba gardama a filin ƙwallon kwando. Baƙin suka sace basirar 'yan wasan NBA biyar, ciki har da Charles Barkley da Patrick Ewing, su kuwa 'yan katun suka jawo Jordan ya cece su. Abin da ya ba labarin armashi shi ne yadda ya ɗebo daga rayuwar Jordan ta zahiri. Ya ajiye wasan a Oktoban 1993, watanni kaɗan bayan an kashe mahaifinsa, ya koma wasan besbol bai yi fice ba, sannan ya dawo a Maris na 1995. Lokacin ɗaukar fim ɗin, Warner Bros ta gina masa filin atisaye na musamman, kuma a kakar da ta biyo baya ƙungiyarsa ta Chicago Bulls ta ci wasa 72 cikin 82.

Fim ɗin ya tara sama da Dala miliyan 230 a gidajen sinima, ban da cinikin riguna da 'yartsana. Takalmin da Jordan ya sa a ciki, Air Jordan 11, an sake fitar da shi kasuwa fiye da sau ɗaya. Ɗan kasuwa zai gane dabarar: mai saye ne ya biya kuɗin shiga don ya kalli talla.

Da aka maimaita a 2021 da LeBron James, a fim ɗin Space Jam: A New Legacy, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. An kashe kusan Dala miliyan 150, abin da aka samu bai zarce hakan da yawa ba. Nneka Ogwumike, 'yar asalin Najeriya, ta fito a ciki. Sai dai abin da 'yan Najeriya suka fi tunawa a watan Yulin nan shi ne yadda D'Tigers ta doke Amurka da ci 90 da 87 a Las Vegas, kwana shida kafin fitowar fim ɗin.

A Arewa kuwa, fim ya yaɗa kaya ne, wasan kansa ta Zariya ya yi saiwa. A can wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka ratsa ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019. Gidauniyarsa ta Giants of Africa ta yi alƙawari a 2021 za ta gina filayen wasa 100 a faɗin nahiyar. A garuruwa irin su Gagarawa da Sule Tankarkar dai, har yanzu takalmin ya fi filin sauƙin samu.