Daga Tudun Wada Zuwa Kaladan: Yadda Ake Bin Sawun Sojojin Igwa na Yaƙin Burma da Wayar Hannu

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadan Kaduna ya saba jin sunayen barikokin soja irin su Dalet da Kalapanzin, amma ba kowa ne ya taɓa tambayar ma'anarsu ba. Waɗannan sunaye ba Hausa ba ne, ba kuma Turanci ba ne. Wurare ne a yankin Arakan na ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda sojojin Nijeriya suka gwabza da na Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Haka sunan barikin Chindit da ke Zariya, da na Myohaung da ke Legas, duk daga wancan yaƙin suka samo asali.

A wasu gidajen kuma, tarihin ya fi sunan bariki kusa. Akwai adakar da aka daɗe ba a buɗe ba, cikinta da lambar yabo mai siffar tauraro, da wani ɗan littafi da ya fara cin kansa, sai kuma magana guda da jikoki suka gada: "Kaka ya je Burma, sojan igwa ne." Daga nan labarin yake tsayawa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya kai shekara ɗari a 2025, don haka mazan jiyan kusan duk sun kwanta dama, 'ya'yansu ma sun manyanta.

Wayar da ke aljihu za ta iya cike wani ɓangare na wannan giɓi. Sai dai akwai ƙa'ida guda da ke raba mai nasara da mai ƙona data a banza: ba sunan mutum ake fara nema ba, rundunarsa ake nema.

Su wane ne sojojin igwa?

A zamanin mulkin mallaka, sojojin Nijeriya suna ƙarƙashin rundunar RWAFF, wadda ta haɗa Nijeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu daga cikinta, Runduna ta 81 da Runduna ta 82, aka kai su Indiya a jirgin ruwa, daga can suka shiga Burma.

Kowace runduna tana da nata masu harba igwa, ƙarƙashin sunan West African Artillery. Ana kasa su ƙananan rukunoni da ake kira batir. Runduna ta 81 ta tafi da batir na 3 da na 5 da na 6, waɗanda daga baya aka haɗe su suka zama 101 Light Regiment. Takwararta a Runduna ta 82 ita ce 102 Light Regiment. Akwai kuma masu harba mota, wato gajeriyar bindigar nan da ke cilla bam sama ya faɗo kan abokan gaba, a rejimanti ta 41 da ta 42.

Babban makaminsu igwa ce mai faɗin baki inci 3.7, wadda aka ƙera domin yaƙin kan duwatsu. Tana jefa harsashi mai nauyin kimanin kilo 9 zuwa nisan da ya ɗan wuce kilomita 5. An tsara ta ne a riƙa kwance ta kashi takwas a ɗora wa alfadarai. Amma a dazukan Arakan, inda babu titi, sau da yawa mutane ne ke ɗaukar sassanta da harsasanta a ka, su hau tudu su gangara rafi, su sake harhaɗa ta a wuri na gaba. Saboda haka idan an ce kaka sojan igwa ne, yana iya zama mai saita ta, ko mai ɗura mata harsashi, ko mai sadarwa, ko kuma ɗaya daga cikin masu dakon da in babu su igwar ba ta motsawa.

Bajon da ke kafaɗar riga ma shaida ne. Alamar Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan ruwan ɗorawa. Ta Runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne da suka gitta cikin gammo. Idan akwai tsohon hoto a gida, a ɗauke shi da kyamara mai kyau a zuƙo wajen kafaɗa. Gizo ko gammo kaɗai ya isa ya rage rabin aikin.

Mataki na farko yana cikin gida

Kafin a kunna data, a nemi takardar sallama daga soja. A nan ne ake samun lambar soja, da muƙami, da rukunin da mutum ya yi aiki. Lambobin sojojin Nijeriya na wancan lokaci sukan fara da haruffan NA. Muƙaman sojan igwa kuma sun bambanta da na sojan ƙafa. Idan an ga "Gnr" ana nufin Gunner, wato farabitin igwa. "Bdr" kuma Bombardier ne, daidai da kofur.

Lambar tana da muhimmanci ne saboda yadda aka rubuta sunaye. Akawun da ke ɗaukar sojoji yakan rubuta sunan mutum sannan ya liƙa masa sunan garinsu ko ƙabilarsa a madadin sunan mahaifi. Shi ya sa Musa daga Kano da Garba daga Sakkwato suka yi yawa a takardu. Rubutun ma ba iri ɗaya ba ne: Audu yakan zama Awudu, Mamman ya zama Momo ko Mama, Ahmadu ya zama Amadu. Lambar yabo kuwa ba lallai ta taimaka ba, domin taurarin da Birtaniya ta raba a wannan yaƙi, har da Burma Star, akasari ba a zana sunan mai su a jiki ba.

Wajen ɗaukar takardun, manhajar Adobe Scan ko ma'aunin sikanin da ke cikin Google Drive sun wadatar. A shimfiɗa takarda a inuwa mai haske, a kashe filasha, a ɗauki kowane shafi har da bangon baya. Google Lens na iya karanta rubutun keken rubutu, amma yakan yi tuntuɓe a tsohon rubutun hannu, yana mayar da 1 ta zama 7, don haka a tabbatar da lambar da ido. Idan za a tura wa dangi ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawa a matsayin hoto na rage ingancinsa. Sannan wanda zai kai takardar shagunan kwamfuta da ke kewayen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya tsaya a sikanin kawai. Kada a yarda a manne ta cikin leda da zafi, domin hakan na lalata tsohuwar takarda, kuma ba ya warwaruwa.

Sai a kunna manhajar naɗar murya a zauna da mafi tsufa a gidan. Tambayoyi gajeru sun fi amfani: a wane bariki aka horar da shi, ya ambaci sunan wani kogi, yaushe ya dawo, wa suka tafi tare? Sunan wuri ko da an karkace shi da harshen Hausa yana iya zama mabuɗi.

Inda za a duba a intanet

Shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, wato CWGC, kyauta ne kuma yana buɗewa a waya. Ana iya bincike da suna, ko lambar soja, ko runduna. Sakamakon yakan nuna muƙami, da rukuni, da ranar rasuwa, da inda aka binne mutum ko aka rubuta sunansa. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma. Amma wannan shafi na waɗanda suka rasu a bakin aiki ne kawai. Idan kaka ya dawo gida da ransa, ba za a gan shi a nan ba. Duk da haka, ranakun da abokan rukuninsa suka rasu suna nuna lokutan da rukunin ya shiga ruwan wuta.

Tarihin rukuni na yau da gobe yana cikin abin da ake kira kundin yaƙi. Dokar soja ta wajabta wa kowane rukuni ya rubuta inda yake, da abin da ya faru, da asarar da ya yi. Waɗannan kundaye suna Ma'adanar Tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan, kuma ana iya duba jerinsu a shafinta na Discovery. Rukunin fayilolin WO 172 na dakarun da suka yi yaƙi a Kudu maso Gabashin Asiya ne, WO 173 kuma na Afirka ta Yamma, wato lokacin horo kafin tafiya. A rubuta kalmomi kamar "Light Battery West African" ko "101 Light Regiment" sannan a taƙaita shekaru tsakanin 1943 da 1946.

A nan wayar take kaiwa iyakarta. Abin da zai fito shi ne lambar fayil da taƙaitaccen bayani, domin akasarin waɗannan kundaye ba a ɗora su a intanet ba. Sai dai a biya kuɗin kwafi, ko a roƙi wani ɗan uwa ko ɗalibi da ke Ingila ya je ya ɗauki hotunansu. Ko an samu, kundin ya fi ambaton sunayen hafsoshi Turawa, ƙananan sojoji kuwa sau da yawa adadi ne kawai. Banbancin shi ne fayilolin WO 373, masu ɗauke da shawarwarin ba da lambobin jarumta. Su an ɗora su, ana iya nemansu da suna, kuma sukan bayyana abin da sojan ya aikata. Jaridar gwamnatin Birtaniya, London Gazette, ita ma tana da sanarwar irin waɗannan lambobi a shafinta. Domin hotuna kuwa, shafin Imperial War Museum yana da na sojojin Afirka ta Yamma a Burma.

Ɗora labarin a taswira

Da zarar an san rundunar, Google Earth zai mayar da sunaye su zama ƙasa. Runduna ta 81 ta kutsa kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, inda jiragen sama ke jefo mata abinci da harsasai saboda babu hanya. Runduna ta 82 ta biyo ta kwarin Kalapanzin a ƙarshen 1944. Rundunonin biyu sun haɗu a kan garin Myohaung, wanda aka ƙwace a ƙarshen Janairun 1945. Daga nan ta 82 ta ci gaba kudu, ta yankin da Dalet yake.

Wajen nema a tuna sunaye sun canza. Arakan yanzu Rakhine ce, Myohaung ta koma Mrauk-U, Rangoon kuma Yangon. Wanda ya kunna yanayin taswira mai nuna tudu da kwari ya ga yadda tsaunuka da koramu suka sarƙe a wurin, zai fahimci abin da ɗaukar ƙarfen igwa a ka yake nufi.

Abin da ke nan Kaduna

Ɗan Tudun Wada yana da gatan da mai bincike a Landan ba shi da shi. Reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa yana kan titin Yakubu Gowon, Gidan Arewa kuma yana kan titin Rabah, duk tafiyar Keke Napep ce. A ma'adanar akwai fayilolin lardunan Arewa, irin su na Zariya da Kano da Sakkwato, inda ake samun wasiƙun ɗaukar soja da batun tsofaffin sojoji bayan sallama. A tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin a fito da waya. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ma wuri ne na tambaya, ga kuma Makarantar Sojojin Atilare da ke Kachia, wadda ta gaji sana'ar waɗancan mazaje.

Mai son karatu zai amfana da War Bush na John Hamilton, wanda ya fito a 2001 kan Runduna ta 81, da tarihin RWAFF na Haywood da Clarke na 1964. Littafin Another Man's War na Barnaby Phillips kuma ya bi labarin Isaac Fadoyebo, sojan Nijeriya da aka raunata a Kaladan, mutanen wani ƙauye suka ɓoye shi har ya tsira.

A yi hattara

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna da amfani wajen fassara gajerun kalmomin soja ko tsara bayanai, amma idan aka tambaye su tarihin wani batir suna iya ƙirƙiro ranaku da sunayen hafsoshi cikin cikakkiyar gadara. Duk abin da ba shi da lambar fayil ko shafin littafi, a ɗauke shi a matsayin jita-jita. Manhajojin gyara tsohon hoto su ma sukan sauya kamannin fuska da siffar bajo, don haka a adana na asali daban. Kada kuma a tura kuɗi ko hoton katin shaida ga duk wanda ya ce zai fito da "kuɗin Burma" na kaka.

Mai yiwuwa bayan makonni na bincike sunan kaka bai fito a ko'ina ba. Amma iyalin da a da suka san kalmar Burma kawai za su iya sanin cewa batir ɗinsa yana bakin wane kogi a wane wata, da abin da ya tarar a can. Kundayen Kew za su jira shekara goma nan gaba. Gwaggon da ta ji labarin daga bakinsa, da takardar da gara ke zagayawa a adaka, su ne ba za su jira ba.