Ciyawa maganin ciyawa: ko za ta yi mana a tafkin Bolta?

Duk ɗan zangon da ya tashi a Kete Krachi ko Yeji ya san rayuwarmu da tafkin Bolta take tafiya, tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 har ruwa ya cinye tsohon garin Kete, aka tashi iyayenmu zuwa tudu. Kifin da mata ke ƙyafewa da kwalekwalen da ke kai doya kasuwa, duk daga ruwan nan ne.

To amma ciyawar ruwa ta matsa mana. Ba kainuwar da muka gada ba, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah, a'a, baƙuwa ce mai fure shuɗi daga Kudancin Amurka, wadda kan ninka yawanta cikin kamar mako biyu. Tana naɗe farfelar inji, tana yaga koma, sauro ya samu gida. Wasu ciyayin na ƙarƙashin ruwa kuma su ke ɓoye dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya a tsakanin ƙannenmu masu wanka a gaɓa.

Manoma sun daɗe da lura cewa shuka ba ta yin kirki a gindin bishiyar turare. Akwai tsirran da ke fitar da sinadarin da ke hana maƙwabtansu girma, kuma wannan ne masana ke son juyawa kan ciyawar ruwa. A Indiya an jiƙa ganyen lantana, wadda ke cike a bakin hanyoyinmu, da na wata ciyawa fateniyam, aka ga baƙuwar ta yi rawaya ta ruɓe. A Ingila kuwa karan sha'ir ake jefawa a kududdufi don rage gansakuka.

Sai dai mu yi hattara. Yawancin gwajin nan a bokiti da ƙananan tankuna aka yi, Bolta kuwa ya haura murabba'in kilomita 8,000. Lantana guba ce ga shanu, fateniyam kuma annoba ce mai sa ƙaiƙayi, kada wani ya ce zai shigo mana da irinta. A tafkin Biktoriya, ƙwaron da aka saki a shekarun 1990 ne ya taimaka aka karya lagon ciyawar.

Roƙonmu ga jami'an gona da na muhalli shi ne su zo a gwada ganyen lantana a ƙaramin tafkin da ba a sha, ba a kamun kifi. Matasan zango za su yi yankan, su yi ɗauka. Kafin nan, aikin gayya na ranar Asabar da lauje da manjagara yana nan, kuma a janye ciyawar can tudu ta bushe kafin a ƙone.