Shekarar Auna Duniya

Girgizar ƙasa ba ta san iyaka ba. In ƙasa ta girgiza a wani wuri, motsin yana ratsa duniya, har na'urorin da ke nesa su ji shi. Amma tashar awo ɗaya ba ta isa ta nuna wurin da abin ya faru ba. Sai an haɗa awon tashoshi uku ko fiye. Shi ya sa masana ke bukatar juna.

Daga 1 ga Yuli 1957 zuwa 31 ga Disamba 1958, masanan ƙasashe 67 suka yi aiki tare. Suka auna iska, da teku, da ƙanƙara, da motsin ƙasa. A lokacin nan Amurka da Tarayyar Sobiyat ba sa ga maciji da juna. Duk da haka suka yarda da sharaɗi guda: kowa ya ba da abin da ya auna, kada ya ɓoye.

Aka buɗe ɗakunan ajiyar awo a Amurka, da Tarayyar Sobiyat, da Turai, da Japan. Kowane masani yana iya neman abin da yake so. In gobara ko yaƙi ya ci ɗaki ɗaya, sauran suna nan.

Aikin ya haifi wani alheri. A 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu cewa Antatika, nahiyar ƙanƙara ta kudu, wurin bincike ce, ba fagen yaƙi ba.

Tambayoyi
1. Don me tasha ɗaya ba ta isa ba?
2. Mene ne amfanin ajiye awo a wurare da yawa?