Bogambiliya: Shukar da Ƙishirwa Ke Sa Ta Fure

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Turawa a Kano ko Kaduna cikin hunturu ya san ta: shuka ce mai ƙaya da kan haye katanga ta zubo waje, ja ko shunayya ko ruwan goro, a daidai lokacin da ƙura ta turnuƙe sauran itatuwa. Sunanta bogambiliya, kuma baƙuwa ce. Asalinta Kudancin Amurka. A shekarar 1767 wani Bafaranshe masanin tsirrai, Philibert Commerson, ya same ta a gaɓar Birazil, ya raɗa mata sunan jagoran tafiyarsu ta jirgin ruwa, Bougainville.

Abin da ido ke ɗauka fure, ganye ne mai launi, siriri kamar takarda, uku-uku. Furen ainihi ɗan mitsitsi ne fari, yana ɓoye a tsakiyarsu.

Da reshe ake yaɗa ta. A farkon damina a yanki reshen da ya fara ƙwari, kamar taƙi ɗaya, a tsige ganyen ƙasa, a soke shi cikin leda mai yashi da ɗan taki, a ajiye a inuwa. Bayan wata ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa. Ranar dashe a tsaga ledar a hankali, domin saiwar ba ta da ƙwari, in dunƙulen ƙasar ya fashe shukar kan mutu.

Inda masu gida suka fi kuskure shi ne ban ruwa. Sai ka ga mutum yana kwarara mata ruwa safe da yamma, yana tula mata taki, sannan yana mamakin ganye shar babu fure ko ɗaya. Ai shi ya hana ta. Bogambiliya in ta ƙoshi, reshe da ganye take yi. Sai ƙasa ta bushe, rana ta dake ta aƙalla awa 6 a yini, sannan take fito da adonta. Da zarar ta kafu, a bari ƙasar ta bushe sosai kafin a sake ba ta ruwa, kuma kada ruwa ya kwanta a gindinta.

Ba ta naɗe katanga da kanta kamar duma, sai an ɗaure rassanta da igiya. Idan fure ya zube a rage mata reshe, don a sabon toho take yin wani. Ka sa safar hannu mai kauri kafin ka kama almakashi, ƙayarta ba ta da wasa.