Albasa, wake da ƙaro: abincin baƙin da ke zaune cikin hanjinmu

Da yawa daga cikinmu ’yan makaranta, abin karin safe bai wuce shayi da farin burodi ba. Da rana taliyar leda, a kora da lemon kwalba. Ciki ya cika, amma bayan kwana biyu ko uku sai a ji bayan gida ya yi tauri, a fara cewa basir ne, a nemi mai maganin gargajiya a bakin tasha. Sau da yawa matsalar daga kwanon abinci take.

A jikin kowane baligi akwai ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a cikin babban hanji. Ba duka ne masu kawo cuta ba. Da yawansu aiki suke yi mana, kuma su ma suna bukatar ci. Abincinsu shi ne wani ɓangare na tsirrai da ake kira faiba, wanda tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkar da shi, don haka yakan wuce har babban hanji. Nau’in faiba da ke ciyar da bakteriya masu amfani shi ake kira firibayotik. Masana biyu, Glenn Gibson da Marcel Roberfroid, su suka fito da sunan a shekarar 1995.

Idan bakteriyan suka ci wannan faiba, sukan samar da wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira butiret. Shi ne babban abincin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangon babban hanji. Ƙari a kan haka, faiba na riƙe ruwa, bayan gida ya yi laushi ya fita ba da nishi ba, kuma wani nau’insa na rage saurin shigar sukari cikin jini bayan an ci abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 cewa duk wanda ya kai shekara 10 zuwa sama ya riƙa samun aƙalla giram 25 na faiba a rana. Farin burodi da lemo ba za su kai mu ko kusa ba.

Abin daɗin shi ne ba sai mun je babban kanti ba. Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da inulin, ɗaya daga cikin firibayotik da aka fi yin bincike a kansu. A Turai, musamman Beljiyam da Faransa, gonaki ake yi na wani tsiro mai suna cikori don a tatsi inulin daga saiwarsa a zuba cikin yogot da biskit, a sayar da tsada. Mu kuwa ga shi a cikin albasar da mai tsire ke yanka mana, wadda wasunmu ke turewa gefe.

Sai wake. Kowa ya san tsiyar da ake yi wa wanda ya ci wake da shinkafa ya shigo aji. To, wannan iskar alama ce cewa bakteriyan hanji sun samu abinci suna aiki, domin wake na da wasu nau’o’in sukari da mu ba ma iya narkarwa, sai su. Jiƙa waken a zubar da ruwan kafin a dafa yana rage iskar, kuma wanda ya saba ci a kai a kai yakan ga cikinsa ya daina damunsa kamar da. Ƙosai, alale da ɗanwake duk hanya ce.

Wanda zai fi ba mu mamaki shi ne ƙaro, wannan da ake zubawa a tawadar allo. Daga itacen ɗakwara ake samunsa, a jihohi irin su Yobe, Borno da Jigawa, kuma Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi zuwa ƙasashen waje. Kusan gaba ɗayansa faiba ne mai narkewa a ruwa. Kamfanonin alawa da na lemo suna amfani da shi don haɗa kayan kada su rabu. Idan kuka ga E414 a jikin kwali, ƙaro ne. Sai dai ɗan abin da ake sa wa lemo bai kai ya wanke shi daga yawan sukarinsa ba.

Akwai kuma garin ’ya’yan kuka, kuɓewa, aya, goriba, da gero ko dawar da ba a surfe dusarsu ƙarƙaf ba.

A bi a hankali dai. Wanda bai saba ba, idan ya narka wake da ɗanyar albasa rana ɗaya, kumburin ciki zai hana shi karatu. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, a yawaita shan ruwa. Wasu masu lalurar hanji albasa da wake na tayar musu da ciwo, su sai da shawarar likita. Wanda kuma ya ga jini a bayan gida, ko taurin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya gaya wa iyayensa ko malamin kula da lafiya na makaranta a kai shi asibiti.