Mita Mai Allura da Mita Mai Lambobi: Wacce ce Mai Gaskiya?

A zangon karatun da ya wuce, ni da abokin ɗakina muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramar inbata da batir, don mu riƙa karatun dare idan an ɗauke wuta. Da muka auna ta da wata mita mai lambobi da muka aro, sai muka ga bolt 180 maimakon 230. Abokina ya ce an cuce mu, mu mayar da ita. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabo ne ya fid da mu kunya. Ya ɗora tasa mitar, ta nuna kusan 230, ya ce, "Samari, inbatarku lafiyarta ƙalau. Mitarku ce ba ta jin yarenta." Wannan magana ce ta sa na bi diddigin al'amarin, kuma zan yi ƙoƙarin bayyana shi da Hausa, ko da yake wasu kalmomin sai dai aro.

Da farko dai, bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wutar lantarki. Wutar batir hanya ɗaya take bi, saboda haka aunata ba wuya. Amma wutar gida mai kai-komo ce. A Nijeriya tana zuwa ta dawo sau 50 a kowace daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60. Ƙarfinta yakan tashi daga sifili ya kai kusan bolt 325, ya sauko, ya juya baya ya sake kai wa 325, kamar lilo. To, mai karatu zai tambaya, ina 230 ɗin da muka saba ji? Ai yarjejeniya ce ta masana. Cewa suka yi a dubi aikin da wutar take yi: zafin da za ta ba dutsen guga daidai yake da wanda batir mai bolt 230 zai ba shi. Wannan adadi suke kira RMS. Idan kai-komon mai santsi ne, ana samunsa ta ninka ƙololuwar da 0.707.

Ita mita mai allura, asalinta aikin wani Bafaranshe ne, d'Arsonval, a 1882. A cikinta akwai naɗin siririyar waya a tsakiyar maganaɗisu. Idan wuta ta bi ta wayar sai naɗin ya juya, ya ja allura. Da za a ba ta wuta mai kai-komo kai tsaye, allurar ba za ta bar sifili ba, domin kafin ta motsa dama an riga an tura ta hagu. Shi ya sa ake saka mata wasu dayod, wato ƙananan abubuwa masu kama da ƙofa da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, a haɗa su yadda zuwan wutar da dawowarta duka za su bi ta naɗin ta fuska ɗaya. Bayan haka allurar takan tsaya a kan matsakaicin turin da take ji, wato 0.637 na ƙololuwa, kusan bolt 207. Ka ga ke nan ba 230 ta ji ba. Masu ƙera ta ne suka ninka lambobin da ke fuskarta da 1.11 tun a masana'anta, bisa zaton cewa duk wutar da za ta auna mai santsi ce.

Da ina ɗauka mita mai lambobi ta wuce wannan dabara. Ashe yawancin masu araha ita suke yi: su daidaita wutar, su ɗauki matsakaici, su ninka da 1.11, sannan su rubuta a allo. Wadda aka rubuta wa "True RMS" a jiki, irin ta dattijon, ita ce ta bambanta. Wasu irinta sukan ɗanɗani wutar sau dubbai a daƙiƙa, su ninka kowane adadi da kansa, su ɗauki matsakaici, su fitar da tushensa. Ba ruwansu da zato.

A nan ne matsalarmu take. Inbatarmu ba ta lilo, tsalle take yi: ta zauna a sifili, ta dira wajen 325, ta koma sifili, ta dira ɗaya ɓangaren. Rabin lokaci kawai take turi. Zafin da take bayarwa na 230 ne, amma matsakaicinta kusan 162 ne. Ninka wannan da 1.11, sai ga 180 ɗin da ya kusa haɗa mu faɗa da mai kanti.

Duk da haka ban raina mai allura ba. Idan wutar janareto tana hawa da sauka, rawar allura ta fi nuna wa ido abin da ke faruwa, a kan lambobin da ke ta canjawa. Ga mai son gwadawa kuma, ya murɗa mitar zuwa harafin V mai ɗan lanƙwasasshen layi, ya zaɓi adadin da ya haura 230, kada kuma yatsansa ya taɓa ƙarfen bakin wayar.