Dutsen Zagami da Na'urorin Duniyar Mars: Ina Rabonmu a Wannan Bincike?

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye daga gonarsa kusa da garin Zagami, wajen Faskari a ƙasar Katsina, sai ya ji wata ƙara mai razanarwa, iska ta buge shi, wani abu ya dira ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tona ramin, mai zurfin kamar ƙafa biyu, sai ga dutse mai nauyin kilo 18, bayansa baƙi wuluk. Aka ɗauke shi aka kai ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna. An yi shekara talatin da 'yan kai kafin masana su samu cikakkiyar hujjar inda ya fito, wato duniyar Mars. A duk tarihin da aka rubuta, sau biyar kacal mutane suka shaida faɗowar dutsen Mars aka kuma tsince shi: a Chassigny ta Faransa a 1815, a Shergotty ta Indiya a 1865, a Nakhla ta Masar a 1911, a Zagami a 1962, sai Tissint ta Maroko a 2011. Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan a ƙasar Hausa ya sauka.

Duk da haka, idan rediyo ta ba da labarin cewa Amurka ko Sin ta sauke wata na'ura a Mars, abin da aka fi ji a majalisun Gantsa da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Buji, har ma cikin birnin Dutse, shi ne ƙoshi ne ya yi wa mutanen yawa, mu da ke fama da tsadar taki ina ruwanmu. Maganar tana da dalilinta, kuma ba zan raina ta ba. Amma ina ganin mun yi saurin cire kanmu daga lamarin da muke da hannu a cikinsa tun da daɗewa. Rabonmu a binciken sauran duniyoyi yana nan, kuma bai kai ga sai mun harba kumbo ba. Yana cikin sanin abin da ake yi, da gane darajar abin da ya faɗo a gonakinmu, da rubuta shi da harshen da jama'a ke ji.

Mu fara da yadda aka gane asalin dutsen, domin a nan amfanin na'urorin ya fito fili. A 1976 Amurka ta sauke na'urori biyu a Mars, Viking 1 da Viking 2, suka auna iskar duniyar, suka aiko da adadin kowane sinadari da ke cikinta, irin su naitirojin da argon. Sakamakon ya nuna haɗin iskar Mars ya sha bamban da na tamu. Shi kuwa dutsen Zagami, lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗa wa Mars ya cillo shi sararin samaniya, wajen shekara miliyan 3 da suka wuce, zafin karon ya narkar da wasu sassansa suka zama gilashi, iskar wurin ta maƙale a ciki. A 1995 masana suka fitar da rahoton awon wannan iska da ke cikin dutsen Zagami, ta kuma yi daidai da abin da Viking suka auna. Tun a 1983 an yi irin wannan gwaji a kan wani dutse da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika, aka samu amsa iri ɗaya. Ke nan da ba a aika na'ura ta auna iskar Mars ba, da ba a samu ma'aunin da za a gwada dutsen Katsina da shi ba.

Me ya sa ake tura na'ura maimakon mutum? Amsar tana cikin nisa da tsananin wurin. Idan Mars ta matso kusa, tsakaninmu da ita ya kai kilomita miliyan 55. Idan ta yi nisa, ya kai miliyan 400. Tafiyar kan ɗauki wata bakwai. Iskarta siririya ce ƙwarai, nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, kuma kashi 95 cikin ɗari nata iskar kabon ce da ba a numfashi da ita. Matsakaicin sanyinta digiri 60 ne ƙasa da sifili. Na'ura ba ta neman ruwa ko abinci, kuma ba dole ne a dawo da ita gida ba. Sai dai nisan ya kawo wata matsala: saƙon rediyo kan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, don haka babu direban da zai zauna a nan yana juya sitiyari yana ganin hanya nan take. Injiniyoyi kan tsara aikin yini guda su aika, na'urar ta duba gabanta da kyamarorinta, ta kauce wa rami da dutse da kanta, sannan ta aiko da rahoto. Daga Sojourner ta 1997, wadda nauyinta bai wuce kilo 11 ba, an zo ga Curiosity da ta sauka a 2012, sai Perseverance mai nauyin tan guda, da ta sauka ranar 18 ga Fabrairu, 2021. Wannan ta ƙarshe ta tafi da wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, mai nauyin ƙasa da kilo biyu, wanda ya tashi sau 72 kafin fiffikensa ya lalace a 2024.

Babbar abokiyar gabar waɗannan na'urori abu ce da muka sani sarai, wato ƙura. Duk wanda ya ga farantin sola na rijiyar burtsatse a tsakiyar hunturu, ƙura ta lulluɓe shi, famfo yana ɗigo da ƙyar har sai wani ya hau ya goge, ya riga ya fahimci abin da ya faru da na'urar Opportunity. An ƙera ta don aikin kwana 90, ta sauka a Janairun 2004, ta yi shekara 14 tana aiki, ta yi tafiyar kilomita 45, har wata guguwar ƙura da ta rufe duniyar baki ɗaya a 2018 ta tare mata hasken rana, batirinta ya mutu. Ita ma InSight, da ta yi shekara huɗu tana sauraren girgizar ƙasar Mars, ƙurar da ta taru a farantanta ce ta tsayar da ita a 2022, don babu mai hawa ya goge. Curiosity da Perseverance ba su dogara da rana ba, zafin sinadarin nukiliya ne ke ba su wuta.

Abin da na'urorin suka gano ya cancanci wahalar. Curiosity ta tarar da tsakuwa masu santsi irin waɗanda ruwa mai gudu ne kawai ke gogewa, da shimfiɗun laka da suka nuna an taɓa yin tafki a kwarin Gale. Perseverance tana aiki ne a yankin kwarin Jezero, inda wani tsohon kogi ya taɓa zubowa cikin tafki, tana huda duwatsu tana adana samfuri cikin bututu. Wato duniyar da yau ta zama busasshiyar hamada ta taɓa samun koguna, biliyoyin shekaru da suka wuce, kafin ta rasa yawancin iskarta. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Zara matar wata, wadda masana ke kira Venus. Na'urorin Tarayyar Sobiyet sun sauka a kanta tun daga 1970, kuma wadda ta fi daɗewa, Venera 13 a 1982, minti 127 ta yi tana aiko da saƙo. Zafin wurin ya haura digiri 460, saboda iskar kabon mai kauri ta riƙe zafin rana ta hana shi fita. Dalilin bushewar Mars daban yake da dalilin kwararowar hamada a Maigatari ko Birniwa, bai kamata a haɗa su ba. Amma nazarin waɗannan duniyoyi biyu ya taimaka wa masana su fahimci yadda iska ke riƙe zafi da ruwa, kuma da wannan ilimi ake nazarin canjin yanayin da ke rikita mana damina.

Yanzu ga ƙorafin yunwa. Gaskiya ne an ƙiyasta kuɗin aikin Perseverance a kan dala biliyan 2.7, kuɗin da zai gina asibitoci masu yawa. Kuma babu mai hankalin da zai ce jihar Jigawa ta bar gyaran makarantu ta tafi neman Mars. Sai dai kuɗin ba a Mars aka zubar da su ba, a nan duniya aka biya injiniyoyi da masu bincike, kuma abin da suka ƙirƙiro yana dawowa hannun talaka. Ƙwayar kyamarar da ke cikin wayar kowane saurayi a kasuwar Gantsa ta samo asali ne daga aikin da aka yi a shekarun 1990 a cibiyar JPL ta Amurka, lokacin da ake neman ƙaramar kyamara mai cin wuta kaɗan don kumbunan da ke zuwa wasu duniyoyi. Fasahar auna abu daga nesa kuwa, wadda ake leƙen Mars da ita, 'yar'uwa ce ga wadda taurarin ɗan'adam ke duba gajimare da gonaki da ita. Manomin gero da riɗi da ke jiran hasashen damina daga hukumar NiMet, da mazauna kwarin Haɗeja da suka ga ambaliyar 2022, duk suna da buƙatar wannan ido na sama. Najeriya ma ta san haka: ta kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003, sannan a 2011 aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa a Ingila. Indiya, wadda ita ma ke da talakawa masu yawa, ta kai kumbonta Mars a 2014 da kimanin dala miliyan 74.

Akwai kuma masu cewa duk abin nan shiri ne irin na fim, da masu ganin kutse ne cikin abin da Allah ya keɓe wa kansa. Ga na farko, a lura cewa ƙasashen da ke hamayya da juna ne ke wannan aiki. Sin ta sauke tata na'urar, Zhurong, a Mayun 2021, kuma a Fabrairun shekarar kumbon Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya shiga kewaya Mars. Da Amurka ƙarya take yi, da abokan hamayyarta ne za su fara tona ta. Ga na biyu kuwa, duba halitta da auna ta ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Da lissafin taurari ake gane alƙibla, da shi magabata suka riƙa bin sawun damina, suna lura da fitowar taurarin kaza da 'ya'yanta. Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara ne da rubuce-rubucensa a kan lissafi da ilimin taurari. Wanda ya auna iskar Mars halitta ya auna, kamar yadda likita ke auna jini, kuma sanin girman halitta yana ƙara wa mai imani tsoron Mahalicci.

Asarar da ya kamata ta dame mu tana gida. An yanka dutsen Zagami, gutsattsarinsa suka watsu a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje, ana sayar da shi giram-giram. An ma saka ɗan ɓarɓashinsa a cikin kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996. Duniyar masana ta san sunan Zagami, amma ɗalibai nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin labarin? Abin bai tsaya a jiya ba. A Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas, kuma a Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Wasu duwatsun sama, ko da ba na Mars ba, sun faɗo a Kabo ta jihar Kano a 1971, a Mayo Belwa a 1974, da Gujba a 1984. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Maganin yana cikin ikonmu, kuma ba shi da tsada. Dutsen da aka san ranar faɗowarsa da wurin ya fi daraja a wurin masana, don haka rubutu shi ne matakin farko. Wanda ya ga wuta ta keto sama, ya ji ƙara, ya tarar da dutse mai baƙin ɓawo, mai nauyi fiye da girmansa, sau da yawa mayen ƙarfe na kama shi, to kada ya wanke shi, kada ya fasa shi, kada ya yi saurin sayarwa. Ya rubuta rana da lokaci da wuri, ya ɗauki hoto, ya sanar da dagaci ko hakimi, a kai maganar ga masana. Malaman kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa za su iya shirya bayani mai sauƙi da Hausa, gidajen rediyon jihar su watsa, malaman sakandare su kai shi aji. Hukumar NASA ta Amurka tana sakin hotunan na'urorinta kyauta, duk malamin da ke da waya zai iya nuna wa ɗalibansa duwatsun kwarin Jezero.

Kirana ga marubutan Hausa, da 'yan jarida, da malaman makarantun Buji da kewaye, shi ne su ɗauki wannan ilimi a matsayin nasu. Su karanta, su tantance, su rubuta shi da Hausa mai kyau, su ajiye inda na baya za su same shi. Yaron da ya fahimci yadda na'ura ke aiki a Mars da hasken rana zai fi iya gyara solar rijiyar garinsu, kuma daga cikin irin waɗannan yara ake samun injiniyoyi. Wannan aiki na malami ne da marubuci, kuma ana iya fara shi a wannan zangon karatu.